Ƙafar Agwagwar Baffa

Allah da Ya ba mu aron Baffa Ya karɓi abinSa ranar Laraba da hantsi, ana gobe kasuwar Maigatari. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sa can ta fi masa nan.

Kafin azahar ƙofar gidanmu a Gumel ta cika har bakin hanya. Dillalan dabbobi sun bar shirin kasuwa sun zo, direbobi sun jera motocinsu a gindin darbejiya, har da wani Badamagare abokin cinikinsa da ya zauna a ƙasa yana share hawaye da bakin rawani. Liman ya ce bai taɓa jin muryar Baffa ta wuce katanga ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo zaure ta ce, "Shi ke nan, mai shiga ruwa da baya ya tafi." Aka yi ɗan murmushi cikin hawaye, don kowa ya san abin da take nufi.

Amma kusan duk wanda ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, kafin ya sake ni sai ya waiga ya ce, "Ɗan Gwaggo bai iso ba?"

Ni Baffa ya riƙe tun rasuwar mahaifina, wansa. A gidansa na tashi, ni da Inna mahaifiyata, kuma bai bar ɗa namiji ba sai ni. Ni na yi jinyarsa, ni na shiga kabari na karɓe shi. Ɗan Gwaggo kuwa, ɗan ƙanwarsa, taubashina, yana can Kwatano bakin teku yana harkar mota. Sai ranar sadakar uku ya sauko daga wata babbar mota, jikinsa duk jar ƙasa, sai na ga dattawa suna miƙewa daga tabarma. Badamagaren nan ya rungume shi yana cewa, "Wayyo, ɗanshi na teku ya zo!" Ni ba wanda ya miƙe mini. Na san wurin makoki ba wurin kishi ba ne, amma raina ya ɓaci, kuma ba ranar ya fara ɓaci ba.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina tsoron a wayi gari labarin Baffa ya koma hannun mutum ɗaya, a manta akwai wanda ya zauna da shi a nan tudu.

Baffa mutumin ƙasar da ake jan guga har hannu ya yi kanta kafin a ga ruwa ne, amma Allah Ya jarabce shi da son teku. Yana saurayi ya bi fatake da raguna har Kwatano, ya zauna shekaru yana dakon kaya daga jiragen ruwa. A can masunta suka koya masa yadda mutum ke miƙa ƙirjinsa ga igiyar ruwa ta ɗauko shi har gaɓa, ba kwalekwale, ba komai. Da ya dawo gida ya kama fataucin dabbobi, ya zo da abubuwa biyu da garin bai taɓa gani ba: katifar roba da ake hura wa iska da baki, da wani takalmin roba na iyo, baƙi mai faffaɗan baki. Shi yana ce masa falma, yadda ya ji ana faɗa a can. Mutanen Gumel suka duba suka ce ƙafar agwagwa, sunan kuwa ya zauna.

A bayan rumbu yake rataye su, inda rana ba ta kaiwa, don ya ce zafin garinmu ya fi gishirin teku cin roba. Duk Juma'a sai ya sauko da su ya wanke da ruwa mai kyau. Nan ne suke haɗuwa da Inna, wadda yake ce wa Yaya don matar wansa ce.

"Ruwan da aka sha wahalar ja shi za a yi wa roba wanka da shi?"

"Rabin ƙwarya ne, Yaya."

"Rabin ƙwaryar ma akuya na so."

Zai gama wankinsa, ya zuba ragowar a gindin zogale, ya mayar da su inuwa. Sau ɗaya Inna ta so yi masa gwaninta ta shafa musu man gyaɗa don su yi sheƙi. Ranar ce kawai na ga Baffa ya ƙi cin tuwon gidan, ya ce mai yana kashe roba, kuma wanda bai san abu ba ya tambaya kafin ya gyara shi.

In damina ta yi kyau, gero ya kai ƙirji, iska na kaɗa shi, sai ka gan shi a bakin gona ya harɗe hannu a baya. Na ɗauka amfanin gona yake dubawa. Ashe igiyar ruwa yake kallo. "Ka ga waccan?" zai ce mini. "Ba ta farko ake hawa ba, Tela. Ta farko ta masu gaggawa ce. Ka bari ta wuce, ka juya baya, ka fara bugawa kafin mai ƙarfin ta iso ka." Tela yake kirana tun ranar da aka kai ni koyon ɗinki. Ni kuwa ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Gagarawa ba, amma na haddace maganar nan kamar karatun allo. A raina na gama yanke cewa wata rana ni zan tsaya kusa da shi a bakin tekun.

Zaɓen ƙafar agwagwa a wurin Baffa ba wasa ba ne, ya fi zaɓen ragon layya tsanani. Ya ce doguwa mai laushi ta masu nutso ce, waɗanda ba sa sauri. Mai hawan igiya gajeriya yake so, mai tauri, wadda bugu biyu uku za ta cilla shi gaba. Dole ta zama mai tasowa saman ruwa in ta fice, dole ta kasance da huda a ƙasa inda yashi zai zube. Sama da duka, dole ta kama ƙafa cif, ba ta matse yatsu ba, ba ta bar sarari a dunduniya ba. Katifar ma, da ake kwanciya a kanta a hau igiya, ba a cika ta da iska tam, sai ta yi ɗan laushi yadda za ta lanƙwasu da ruwa. Yana faɗin waɗannan ga duk wanda ya zauna kusa da shi, har da masu sayen awaki da ba su tambaye shi ba.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, gemu ya fara fito mini, Baffa yana Maigatari yana lodin ragunan da zai kai Kwatano sai ya aiko direbansa gida. Saƙon gajere ne: Tela ya ba da awon ƙafarsa. Nawa, ba na Ɗan Gwaggo ba. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

To kowa ya san yadda ake awon takalmi a wurinmu. Kara ake samu a gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya, a ba matafiyi. Kuma ba uwar da ke karyawa daidai. Inna ta durƙusa ta gwada, ta ƙara yatsu uku kamar yadda take yi tun ina rarrafe, sannan ta karya.

Na ce, "Inna, ai na gama girma."

Ta ce, "Ƙafa ba ta gama girma. In ya yi yawa ka cusa tsumma, in ya yi kaɗan wa za ka ba?"

Ban ja ba, don ni ma haka na san duniya. Duk takalmin da na taɓa sawa sai da ya yi mini flaf-flaf wata shida kafin mu saba.

Baffa ya dawo bayan Sallah da su a naɗe cikin buhu, sababbi, shuɗaye, gajeru masu tauri. Na zura ƙafa a tsakar gida ina washe baki. Ya tsuguna ya sa yatsa a bayan dunduniyata, ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku, duk suka shige. Ya ɗago ya dubi Inna, ita kuma ta shige madafa kamar an kira ta.

"Ba naka ba ne," ya ce.

"Baffa, zan gyara. Ni tela ne."

Ya ce in gwada zuwa damina.

Ba abin da ban yi ba. Na ɗinka safa mai ninki uku. Na yi matashi ɗan ƙarami na auduga na cusa a gaba. Na ɗinka maɗauri na zaren buhu da zai zagaye idon sawu. Da ruwa ya sauka tafkin Gagarawa ya cika, muka hau motar kasuwa muka tafi, Ɗan Gwaggo ya biyo mu daga Ɗanzomo wai kallo ya zo. Dogo ne, ƙafarsa kamar faranti, tun muna yara nake tsokanarsa da ita.

Baffa ya jiƙa ƙafarsa, ya sa nasa, ya juya wa ruwa baya ya shiga yana ja da baya, don in ka fuskanci ruwa da wannan takalmi kifewa za ka yi. Yara makiyaya da ke shayar da shanu suka kwashe da dariya, bai ko kalle su ba. Na bi shi. Audugar ta sha ruwa ta dunƙule, safar ta zame. Ya ce in buga daga ƙugu, ba daga gwiwa ba. Na buga da duk ƙarfina, sai na ji ƙafar dama ta yi sakayau. Maɗaurina ya tsinke, takalmin ya taso can gefe yana lilo a kan ruwa. Ɗan Gwaggo ya shiga ya ɗauko, yana dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, bari in ga ko agwagwar za ta san ɗan'uwanta."

Ya zura ƙafa. Ta zauna kamar a jikinsa aka ƙera ta. Baffa ya sa yatsa a dunduniyar, bai shiga ba. Ya ce in ba shi ɗayan. Na cire na miƙa. Ɗan Gwaggo bai taɓa sauraron maganar igiya ko sau ɗaya ba, bai san ta farko ba balle ta biyu, amma ya kwanta a ruwa ya buga sai ga shi a tsakiyar tafki. Na ga fuskar Baffa lokacin. Shekara nawa ina gidansa, ina kai masa buta, ina wanke masa riguna, bai taɓa kallona da wannan fuskar ba.

A mota muna dawowa Ɗan Gwaggo ya dinga kirana mai ƙafar amarya. Taubashi ne, wasa ne, ba damar fushi. Na rama da abin da na samu, aka yi dariya, amma ni kaɗai na san abin da ke cina. Inna na ji ta ce, "To ai ba a yi asara ba, ya samu mai shi." Kwana biyu ban yi mata magana mai tsawo ba, Allah Ya yafe mini.

Daga nan fari ya shigo. Tafkuna suka bushe har ƙasa ta tsage, dabbobi suka dinga faɗuwa a hanyar Sule Tankarkar. Baffa bai fasa koyarwa ba. Da la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a kan tudun yashi a bayan gari, ya kwantar da Ɗan Gwaggo rub da ciki, yana bugun iska da ƙafafu, shi kuma yana tsaye yana cewa, "Ga ta nan! Buga! Miƙa hannu! Sauke kai!" Mutane na wucewa suna girgiza kai, ana neman ruwan sha wasu na iyo a yashi. Ni ina shago ina taka keke, ina jiyo su. Na karya allura a wannan shekarar fiye da duk shekarun koyona.

Cikin farin nan ne baƙi suka gangaro daga arewa suka sauka a bayan gari. Akwai wani tsoho makiyayi a cikinsu, shanunsa sun ƙare, shi ma ya kwanta har bayansa ya yi gyambo saboda taurin ƙasa. Baffa ya je ya gani, ya dawo, ya sauko da katifar robar nan da ko taɓa ta ba ma yi. Ya hura ta da bakinsa, ya dinga dannawa yana rage iska har ta yi laushin da yake so, ya kai aka kwantar da tsohon. A kanta ya cika bayan wasu makonni, katifar kuma ba ta ƙara moruwa ba. Baffa bai taɓa ambatonta ba. Alheri ne da har gobe ake faɗa a unguwar. Ni kuma, tunda gaskiya nake rubutawa, har tsohon nan sai da na yi wa kishi, don ya kwanta inda ban taɓa kwanciya ba.

Da ruwa ya dawo, hanya ta buɗe, Baffa ya shirya tafiya Kwatano ya ce da Ɗan Gwaggo za shi, ni in kula da gida. Ranar ce na yi masa maganar da ban taɓa yi ba. Na same shi a zaure yana ɗaure kaya.

"Baffa, ni ne ɗanka ko shi?"

Bai ɗago ba. "Kai ne."

"To me ya sa ni ne mai gadin gida? Takalmi ɗaya ne a duniya? Ba a sayar da ƙanana?"

"Na duba, Tela. Ƙananan da na samu na wasan yara ne, laushi kamar ganyen kabewa. Ba zan sa ka a teku da su ba."

"Da ka so da ka samu."

Sai ya ajiye igiyar ɗaurin ya dube ni. "Teku ba ta tambayar ɗan wa kake. In takalmi ya fice maka a tsakiyar ruwa, ba ni da abin da zan gaya wa Yaya, ba ni da abin da zan gaya wa wana ranar da za mu haɗu."

Na ce masa wannan magana ce kawai. Na fice ban yi masa Allah Ya kiyaye hanya ba. Har yau ban san ko ya duba da gaske ba, ko kuwa ya riga ya samu wanda yake so ya daina dubawa. Wata rana in yarda da shi, wata rana in ƙi.

Ya dawo shi kaɗai, Ɗan Gwaggo ya samu mota a can ya zauna. Ya kawo mini almakashi mai kyau, na karɓa na yi godiya, muka ci gaba da zama kamar ba a yi komai ba. Sai dai labarin zaure ya canza. Da can Baffa kan ce "masunta sun ce", yanzu sai "ni da Ɗan Gwaggo". Yadda suka hau igiya ɗaya kafaɗa da kafaɗa, yadda yaron ya fito da yashi har cikin kunne yana dariya. Ni nake zuba masa shayi yana ba baƙi wannan labarin, kuma ban taɓa tashi na bar wurin ba, don ko ba ni a ciki ina son jin muryarsa in yana maganar ruwa.

Ciwon ya fara masa daga ƙafa. Suka kumbura har fatar na sheƙi, takalmin fata ma ya daina shiga. Ya sa na sauko masa da nasa baƙaƙen daga bayan rumbu, ya gwada, ko yatsu ba su wuce ba. Ya yi dariya ya ce, "Yau ni ma ba nawa ba ne." Daga nan kullum da safe ni ke kawo ruwan ɗumi da gishiri a kwano in jiƙa masa ƙafafun, in matsa su a hankali. Yakan lumshe ido ya ce gishirin ya yi kaɗan, na teku ya fi haka. Na rufe shago na zauna da shi. Aka aika wa Ɗan Gwaggo ta bakin direbobi, aka ce ya yi nisa da kaya, sai ya dawo za a gaya masa.

Ranar Larabar, rana ta ɗan ɗaga, zazzaɓi ya rufe shi. Ina zaune a bakin gado na ga ƙafafun nan masu nauyi suna motsi a ƙarƙashin mayafi, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙugu. Ya laluba ya kama hannuna ya riƙe da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Ɗan Gwaggo," ya ce. "Bar wannan ta wuce."

Inna na bakin ƙofa, ta buɗe baki za ta gaya masa ko wane ne, na ɗaga mata hannu.

"Ɗan Gwaggo, kana nan?"

Ban taɓa ce masa Kawu ba a rayuwata. Na ce, "Ina nan, Kawu."

"Ga mai ƙarfin nan. Juya. Buga!"

"Ina bugawa."

"Miƙa hannu. Kada ka sake ni."

"Ba zan sake ka ba."

Fuskarsa ta saki, ya yi irin kallon nan na bakin tafki, wannan karon a kaina ya sauka. Muka tafi tare har inda ya ga gaɓa. Da numfashinsa ya lafa na matsa kusa da kunnensa na yi masa kalmar shahada, ya bi ni a hankali, sannan hannun ya yi sanyi a cikin nawa.

Bayan an shafa addu'ar uku jama'a sun ragu, Ɗan Gwaggo ya same ni a bayan rumbu ina wanke kwanukan sadaka. Ba tsokana a bakinsa ranar. Ya tsuguna kusa da ni, dogon mutum ya zama ɗan ƙarami, idanunsa jawur.

"Tela, don Allah ka gaya mini gaskiya. Kawu ya neme ni?"

Ba wanda ya ji abin da ya faru a ɗakin sai ni da Inna, ita kuma ba za ta faɗa ba. Da na ce a'a, da ya tafi da ita har kabarinsa, ni kuma in riƙe abu ɗaya tak da ya zama nawa ni kaɗai. Na daɗe ina cuɗa kwano ɗaya da ya riga ya fita.

Na ce, "Kai ya kira. Ni na amsa."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya shayar da shi daga ruwan da ba ya ƙafewa.